Goron da Na Miƙa wa Papa Mejo

Ranar da na fara ganin kurmi na gaskiya, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "To mu kuma me aka kawo mu mu shuka a nan?" Bulus da ke zaune kusa da ni a bayan akori-kura shi ma kansa yana sama, baki buɗe. Itatuwa ne waɗanda sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, sun haɗe kai ta sama sun hana rana sauka ƙasa. Ni da na baro Kano ina taƙamar na san bishiya, nan take na sha jinin jikina.

Rainon dashe shi ne sana'ar gidanmu. Kawuna yana da lambu a bakin titi a Gyadi-Gyadi, jikin wata doguwar katanga, a can na girma ina cusa ƙasa da taki a baƙar leda, ina ban ruwa safe da yamma. Darbejiya, turare, mangwaro, gwaba, da furannin da Hajiyoyi suke tsayawa da mota su saya. Bulus kuwa ɗan maƙwabtanmu ne a Tarauni, iyayensa malaman makaranta ne daga Kudancin Kaduna. Ya yi karatun gandun daji ya dawo ya zauna ba aiki, kuma yana ɗan taɓa Faransanci. Wani dillali ne ya zo lambun da labarin wani kamfani a Kamaru da ke neman masu hannun dashe, wai za a ceci daji. Ya ce akwai ɗaki da fanka, akwai asibiti, akwai masallaci. A cikin ukun nan babu wanda na gani da idona har na dawo.

Zangonmu na farko wani fili ne fetal a tsakiyar kurmi, can gaba da garin Bartuwa. Jar ƙasa, kututture ko'ina, da tarin rassa suna ruɓewa a gefe. Na ɗauka gobara ce ta yi ɓarna. Ashe kamfanin namu ne ya sa katafila ta share wurin, don a samu inda za a shuka.

Shugaban aikin wani ɗan birni ne, Musiye Klod, mai farar rigar da ban taɓa ganin ta yi datti ba. Ya tara mu ya yi dogon jawabi, Bulus yana raɗa mini fassara. Wai masana'antun ƙasashen Turawa suna tara hayaƙi a sama, sai su biya a shuka itatuwa a nan, itatuwan su shanye hayaƙin.

Na ce, "Wato iska ake sayarwa?"

Bulus ya ce, "Iska ake sayarwa, mutumina. Yi shiru kar ya ji ka."

Abin da muka shuka kuwa turare ne, irin wanda na baro a lambun kawu, saboda yana saurin tashi kuma yana kyau a layi. Washegari da sassafe na tashi ina neman garwar ban ruwa, kamar yadda jikina ya saba. Leburorin wurin suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ya nuna mini sama. Kafin azahar aka kece da ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, haka kuma aka ci gaba kusan kullum.

Dashen da aka saka a ƙasa ake ƙirgawa a wurin nan, ba wanda ya rayu ba. Baƙi sukan zo a manyan motoci, a miƙa musu shebur mai sabon fenti, a ɗauki hoto, su wanke hannu su tafi. Mu kuma a ce mu matsa gaba. Da na sake bi ta filin farko bayan wasu watanni, ciyawa mai yaɗo ta shaƙe rabin dashen, gara ta gama da saura. A Gyadi-Gyadi in dashe ɗaya ya mutu sai kawu ya tsare ni da tambayoyi har in rasa inda zan sa kaina. A nan gona guda ta mutu, ko wanda ya ce kanzil babu. Da na yi wa Musiye Klod magana sai ya dafa kafaɗata ya ce wancan filin an riga an gama da shi.

Daga nan aka tura mu sansanin wasu masu yankan katako, mu shuka dashe a gefen hanyarsu. Su nasu salon sara da ƙa'ida ne. Sai su zagaya su shafa jan fenti a jikin 'yan itatuwan da suka isa sara, sauran a bar su. Kuma tsakani da Allah suna bari, na gani da idona. Bulus ya ce wannan ya fi namu hankali nesa ba kusa ba, ni ma na yarda. Amma hanyar da suka buɗe don manyan motocinsu ba ta da ƙofa. Suna gama yanki suna tashi, mafarauta za su shigo a kan babura, a bayansu masu zarton inji, su kuwa ba ruwansu da fenti.

A sansanin nan kewar gida ta kama ni sosai. Kaya ba sa bushewa, yatsun ƙafata suka tsattsage a cikin takalmin roba, abinci kuwa rogo ne safe, rogo ne dare. Na yi kewar tuwo da miyar kuka, na yi kewar kiran sallah, har hayaniyar 'yan adaidaita sahu a shataletalen Gyadi-Gyadi, wadda a da nake tsine wa, sai da na yi marmarinta. In ina son jin muryar Inna sai na hau wani tudu na ɗaga waya sama. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Auta, kana dai cin abinci?" Ni kuma amsata ɗaya ce, "Har ƙiba na yi, Inna."

Zango na uku shi ne wanda ya sa nake wannan rubutu.

Akwai wani ƙauye a ƙarshen hanyar katakon, bayansa kuma wani kurmi ne da zarto bai taɓa shiga ba. Kamfaninmu ya gano cewa tsayayyen daji irin wannan ya fi dashe tsada a kasuwar iska. Abin da ake bukata kawai shi ne a killace shi, a sa masu gadi, a nuna wa masu saye cewa mutanen wurin sun amince. Mu dai ce mana aka yi za mu je gaida dattawa, kuma za mu kafa lambun dashe a ƙauyen.

A hanya na tsaya wurin wani Bahaushe mai tebur na sayi farin goro manya, aka naɗe mini a ganye. Bulus ya dube ni ya kwashe da dariya.

"Sabi'u, goro za ka kai wa masu bishiyar goro?"

Na ce, "Kai ma a Kano ka girma. Ana zuwa wurin babba hannu rabbana?"

Musiye Klod ya tambayi abin da muke cewa. Da Bulus ya gaya masa sai fuskarsa ta washe, ya ce lallai ni zan shiga gaba. Har riga mai tambarin kamfani ya ciro daga mota ya ce in saka. Na ji daɗi, na ɗauka girmama ni aka yi.

Babban ƙauyen shi ne Papa Mejo, wani siririn tsoho mai furfura, yana zaune a kujerar katako a ƙarƙashin rumfa. Na cire takalmi, na durƙusa, na miƙa masa goron da hannu biyu. Ya buɗe ganyen, ya dube ni, sai na ji ya ce, "Lale, lale, Bahaushe. Ina gajiyar hanya?"

Saura kaɗan in faɗi zaune. Ashe yana saurayi ya yi wa fataken goro dako, a bakinsu ya koyi Hausa, irin ta tsofaffi, da kalmomin da tun rasuwar kakata rabona da jin su. Ya ce Hausawa sun daɗe suna sayen goro a ƙauyen nan, tun zamanin ubansa, ba a taɓa jin kansu ba. Ya fasa goron, ya ci, ya ba ni, ya rarraba wa dattawa, muna ta dariya. Duk wannan abin wani mai hoton kamfani da ya biyo mu yana ta zagaye mu yana ƙyasta kyamara, ni ko a jikina.

Bayan nan Musiye Klod ya fito da abin da ya kawo shi. Za a zagaye kurmin da waya, a hana shiga, a madadin haka a gina musu makaranta a haƙa musu rijiyar burtsatse. Dattawan suka yi shawara da yarensu, ba su daɗe ba. Papa Mejo ya amsa da Faransanci, sannan ya juyo ya maimaita mini da Hausa, kamar yana son in zama shaida.

"Na ce masa a'a. Goronmu a ciki yake, manmu a ciki, maganinmu a ciki, kaburburan iyayenmu a ciki. In an rufe, me za mu ci? Makaranta muna so, amma ba da wannan ba."

Musiye Klod ya yi murmushi ya ce ba komai, ya fahimta. Ya shiga mota ya tafi, ya bar mu ni da Bulus mu kafa lambu.

Zaman da na yi a ƙauyen nan shi ne kaɗai mai daɗi a duk tafiyar. Ranar farko ina ta juye-juye da darduma, don rana ba ta ganuwa balle in gane gabas. Papa Mejo ya kama hannuna ya kai ni bayan ɗakinsa, ya nuna mini wani shimfiɗaɗɗen dutse. Ya ce a nan fatake suke sallah, kuma nan suke fuskanta. Matarsa, Mama Adel, da ta lura ba na taɓa naman dajin da suke dafawa, sai ta ware mini tukunya daban, kifi da ayabar dafawa, ba tare da na roƙa ba. Da zazzaɓi ya kayar da ni har ina sambatu ina kiran Inna, ita ce ta yi ta dafa mini wani ɓawon itace mai ɗan karen ɗaci, tana tsaye a kaina sai na shanye.

Da na warke Papa Mejo ya shiga da ni kurmin. A ranar na fara ganin bishiyar goro. Ni da na girma ina ganin goro a kowane suna da ɗaurin aure, ban taɓa tunanin yadda uwarsa take ba. Ba wata babba ba ce, tana laɓe a inuwar manya. Ya ce in aka sare manyan, ita ma ba ta daɗewa. Ya nuna mini mowabi, wata ƙatuwar bishiya da mata ke tsintar 'ya'yanta su fitar da mai irin man kaɗanya. Kowace babbar bishiya da gidan da ke da ita, kowa ya sani. In an gama kakar goro sai dattawa su ɗaure ganyen kwakwa a bakin wata hanya, wannan ɓangaren ya huta kenan, ba farauta ba sara, sai ranar da suka kwance.

Ba aljanna ba ce, kar in yi ƙarya. Suna share gonaki a bakin dajin, suna cin biri, kuma samarinsu da yawa sun fi son babur a kan bishiya. Ina nan aka kama wani ya sayar wa masu zarto itace a ɓoye, aka ci shi tarar akuya, aka yi ta yi masa waƙar zambo har ya bar garin na ɗan lokaci. Amma duk ranar da aka ji ƙarar inji daga cikin kurmi, kafin ka ce me, maza sun fito da adduna sun nufi wurin. Shi ya sa dajin yake tsaye.

Wata safiya sai ga manyan motoci da nadin waya mai ƙaya, da turakun ƙarfe, da wasu ƙarti masu kaki da aka ɗebo daga wani yanki mai nisa, ko yaren ƙauyen ba sa ji. Suna da takardar izini daga birni. A bakin babbar hanyar shiga kurmin suka kafa ƙofa, a gefenta suka kafa wani ƙaton allo. Bulus ne ya riga ni zuwa, ya dawo fuskarsa ba daɗi.

"Zo ka gani. Amma ka riƙe zuciyarka."

Ni ne a jikin allon. Ga ni a durƙushe cikin rigar kamfani, haƙora a waje, ina miƙa goro da hannu biyu, ga Papa Mejo yana karɓa yana dariya. A ƙasa an yi rubutu da manyan baƙaƙe.

Na ce, "Me aka rubuta?"

Ya ce, "Wai babban ƙauye yana karɓar goron yarjejeniya daga wakilin kamfani, bisa al'adar gargajiya. Wai al'umma ta miƙa dajinta da hannunta."

Na ce, "Wace al'adar? Gaisuwa ce fa! Kuma a gabanmu ya ce a'a!"

Bulus ya ce, "Waɗanda za su ga hoton ba su san gaisuwa ba, kuma a'a ba ta fitowa a hoto. Ka ga dalilin da ya sa aka ba ka riga."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Tarbiyyar da Inna ta yi mini, ita aka ɗauka aka yi wa mutanen da suka yi jinyata fashi da ita. Da Musiye Klod ya zo duba aikin na tare shi ina ihu, Bulus yana fassarawa yana rage zafin maganar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce hoton ya yi kyau ƙwarai, masu saye sun yaba.

Dattawan suka yi ta zarya zuwa birni, duk ofishin da suka shiga sai a nuna musu hoton. Mata suka gwada shiga ta ɓarauniyar hanya, masu gadi suka ƙwace kwandunansu, suka zane wata 'yar'uwar Mama Adel. Kakar goro ta zo ta wuce, goro ya zube ya ruɓe a ƙasa, muna jin warinsa ta cikin waya. Rijiyar burtsatse an haƙa, ta yi aiki na ɗan lokaci ta tsaya. Makaranta kuwa tubali aka sauke, ciyawa ta rufe shi.

Mutanen ƙauyen suka daina amsa gaisuwata. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na fi samun sauƙi. Mama Adel ba ta fasa aiko mini da kifi ba, sai dai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta juya.

Damina ba ta sake zagayowa ba muka fara jin ƙarar zarto daga cikin killataccen dajin, da rana tsaka. Masu gadin ba su da yawa, ba 'yan wurin ba ne, kuma bishiyar mowabi ɗaya ta fi abin da za su samu a shekara. Su da kansu suke buɗe ƙofar baya. Ƙarar ta fara, na leƙa waje ina jiran in ga maza da adduna. Suna zaune a ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya motsa. Wani saurayi ya dube ni ya faɗi wata magana, Bulus ya ce cewa ya yi, "Dajin kamfani ne, kamfani ya je ya hana." Bayan 'yan makonni shi ma saurayin na gan shi da zarto a kafaɗa.

Bulus ya rubuta wa Musiye Klod rahoto. Amsar da ta dawo ita ce, hoton da ake ɗauka daga sama ya nuna dajin kore shar, saboda haka ba matsala. Gaskiya ne kuma, manyan ake zaɓa a sare, daga sama ba a gani. Sai ka shiga ciki za ka ga rana tana dukan bishiyoyin goro, ganyensu ya koma ruwan ɗorawa.

Na ajiye aikin. Bulus ya ce shi zai ƙara ɗan lokaci, ƙannensa suna makaranta, ban ga laifinsa ba. Motar da ke fita daga ƙauyen a lokacin ɗaya ce, ta masu katako, don haka a kan gungumen mowabi zan zauna in bar garin. Kafin direba ya gama ɗaure sarƙa na je yin sallama.

Papa Mejo yana zaune a bakin hanya, kusa da allon, idonsa a kan kayan motar. Ya rame. Na durƙusa na ce, "Baba, zan koma gida. Wallahi ban sani ba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na san ba ka sani ba, Bahaushe."

Na miƙa masa hannu. Sai ya mayar da hannayensa duka biyu bayansa ya riƙe.

"Kar ka miƙo mini komai, ko hannu ne. Ban san wanda ke tsaye da kyamara ba." Sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida mahaifiyarka."

Na hau motar ina kuka, yaran mota suna kallona, ban damu ba.

Na iso Tarauni da jaka ɗaya da tari. Tun daga bakin layi 'yan majalisar unguwa suka taso, "Ga mai ceton daji! Ga mai ceton daji!" Ashe wani ya ci karo da hoton a shafin kamfanin a waya, ya yaɗa shi a unguwa. Ina shiga ɗakin Inna na gan shi a bango, an wanke shi babba, an sa masa gilashi, an rataye shi a saman gadonta. Duk wadda ta shigo barka da zuwa sai Inna ta nuna mata. "Kun ga Auta, har a ƙasar wasu bai manta ladabi ba."

Na yi kwanaki ina haɗiye abin. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana tsintar shinkafa a tsakar gida, na zauna na ba ta labarin duka, tun daga goron har zuwa hannun da aka ƙi karɓa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki, ta sauko da hoton, ta fito da shi haske. Ba ni take kallo a ciki ba. Ta daɗe tana duban tsohon, ta goge gilashin da gefen mayafinta.

Ta ce, "Matarsa ce ta yi jinyarka?"

Na ce, "Ita ce."

Ta ce, "To su yanzu me suke ci?"

Ƙauyen ba sabis ɗin waya, Bulus kuma an ɗauke shi zuwa wani dajin da za a ceta. Inna tana tsaye da hoton a hannu tana jiran amsa, ni kuwa ban sani ba, har yau ban sani ba.